Shekarar da Gam Ya Ƙi Bushewa

Bitrus da Bulus, wannan babin naku ne, ko da yake na san sai an karanta muku shi, domin har yanzu idan rubutu ya wuce layi uku barci yake ɗauke ku. Mutane suna jira sai sun yi furfura kafin su rubuta tarihinsu. Ni ban ga dalilin jira ba. Shekarata goma sha bakwai, amma renon tagwaye ya tsufar da ni fiye da kowace kaka a Samaru. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne labarin jirgin Baba ya fara lalacewa a bakin mutanen gidan nan. Idan Mama ce ta ba da shi, ni mai ɗebo ruwa ce kawai. Idan Baba ne, babu ni a ciki ko kaɗan, daga shi sai katako. Ku kuwa kuna ƙanana a lokacin, abin da kuka riƙe a kanku bai wuce kaza ba. To ga yadda aka yi.

Jirgin ya girmi katangar gidanmu. Kwalekwalen katako ne na Kakanmu, wanda ya yi rayuwarsa yana kamun kifi a kogin Galma, kuma a cikinsa Baba ya tashi kafin ya zo Samaru ya kama aikin lambu a jami'a. Da Kaka ya rasu, Baba ya ɗauko jirgin ya ajiye shi a bayan fili, ya ce na ɗan lokaci ne. Daga baya aka zagaye gida da katanga aka yi ƙofar da ko akuya mai ciki sai ta karkace take shiga, jirgi ya zama ɗan gida. Ni na buɗe ido na gan shi a nan kamar yadda na ga bishiyar mangwaro. Kaji suna ƙwai a ciki, Mama tana shanya kuɓewa a kai, ni kuma in na yi laifi can nake kwanciya har fushin gida ya huce. Rana ta shekaru ta busar da katakon, duk inda allo ya haɗu da allo ya buɗe, har in kana kwance a ciki kana iya ganin wanda yake neman ka da bulala.

A shekarar da na cika sha biyar abubuwa biyu suka faru. Na farko, Baba ya bar aiki. Mutumin da a da asuba ba ta samunsa a gida, ya koma zaman kujera a gindin mangwaro da rediyo a cinya, wani lokaci ma rediyon a kashe. Ya daina faɗa, ya daina tsokanar Mama a kan gishirin miya, tuwo ma sai ya ci rabi ya ture. Na biyu, Mama ta lura cewa na girma. A lokacin ni da ku muke kwana a ɗaki ɗaya, kuma ba zan faɗi wanda yake jiƙa katifa ba, tunda ku biyun kama ɗaya kuke. Mama ta yanke cewa za a yi mini ɗaki nawa. Fili ɗaya ne ya rage a gidan, kuma jirgi ne kwance a kai.

“Maigida, yarinyar nan ba za ta ci gaba da sa kaya a bayan ƙofa ba,” in ji Mama. “Abin nan ya tashi. Itacen girkin wata biyu ne kwance yana cin wuri.”

Baba ya ajiye rediyo a ƙasa.

“Maman yara, ba itace ba ne. Zan gyara shi. Zan mai da shi ruwa.”

“Da wane ƙarfin?”

“Da wanda ya rage.”

Haka aka yi yarjejeniya a gabana. Baba zai gyara jirgi a fitar da shi kafin ranar da magini zai haƙa harsashi. Idan ranar ta zo jirgi yana nan, gatari zai hau shi. Magininmu Malam Sule ne, wani dattijo daga Zabi mai yawan raha, kuma ya faɗa tun farko cewa shi magini ne na rani kawai. Da zarar ruwan farko ya sauka, gona zai koma, ko sarkin duniya ne yake jiran gini. Ya sa ranar Litinin ta bayan Ista. Muka fara buga tubalin ƙasa a ƙofar gida, kuma ina so a rubuta cewa ni na taka wannan ƙasa da ƙafafuna, har sai da na manta launin farcena. Kowane tubali na san shi. Wasu ma na raɗa musu suna.

Ni na raka Baba kasuwar Sabon Gari, saboda Mama ta ce idan ya tafi shi kaɗai zai iya dawowa da rediyo na biyu. Niyyarsa ya sayi kwalta ya cusa tsumma a tsagogin kamar yadda Kaka yake yi. Amma da ya nuna wa mai shagon kayan gini faɗin tsagar da yatsunsa, mutumin ya girgiza kai, ya shiga can ƙuryar shago ya fito da wasu dogayen kwalaye masu kama da harsashin igwa. Rubutun jikinsu ba Turanci ba ne, wasu haruffa ne kamar tsutsotsi sun yi taro. Dogon mutum ne mai shagon, Hausarsa rabi, Turancin kasuwa rabi.

“Oga, wannan gam na jirgin teku ne. Babban jirgi, mai bene. Ka sa shi, ka ba shi sati ɗaya, ya zama kamar taya. Amma ka ji ni da kyau, kada jirgi ya shiga ruwa sai ya kama. In ka yi gaggawa, ba ruwana.”

Baba ya riƙe wannan magana kamar ayar haddace ta makarantar Lahadi. A cikin keke, daga Sabon Gari har muka wuce Kwangila, yana ta maimaitawa a hankali: kada ya taɓa ruwa sai ya kama.

Ban taɓa ganin abu mai naci irin gam ɗin nan ba. Fari ne tas, mai kauri kamar tuwon shinkafar da aka tuƙa da fushi. Baba ya ɗora jirgin a kan bulo, ya kankare tsagogin da tsohuwar wuƙa, ya ƙara ƙusoshi, ni kuma ina matsa gam da wani ƙarfe mai kama da bindiga, shi yana bi da yatsa yana shafewa. Kafin azahar gam ya hau hannuna, ya hau goshina, ya hau kitson da aka yi mini na biki. Ya hau mariƙin ƙofa, daga nan ya hau duk wanda ya shigo gidan har da matar fasto da ta zo gaisuwa. Sai da muka yi wanka da kananzir. Ita kuwa kazar da kuke tunawa, baƙar nan ta Mama, tsalle ta yi za ta koma inda ta saba ƙwai, ta sauka a kan haɗin tsakiya. Ba ni na sa ta ba. Ta fito da farin takalmi a ƙafa biyu, ta zagaya gidan tana kwashe duk wani tsinke da gashin masara, kafin yamma tana tafiya kamar sojan da ya sa takalmin yayansa.

Da aka gama, Baba ya kafa doka. Ba a wanke-wanke kusa da jirgi. Ba a shanya a igiyar da ta bi ta kansa. Randa ma sai da aka matsar da ita zuwa ɗaya kusurwar gidan. Ku biyun aka hana ku wucewa ta wajen da kofi a hannu. Ya cire rumfar zanar da ya kafa wa jirgin lokacin aiki don rana ta same shi sosai. Kuma wa zai ce ya yi kuskure? A garin nan duk abin da ake so ya bushe rana ake ba wa. Barkono, masara, tumatir, wanki, daddawa, tubalina da suke jere a waje. Lokacin bazara ne, zafin da ake yi har ƙadangaru suna neman inuwa, iska a bushe ƙamas, leɓen kowa a tsage. Mun ɗauka satin da mai shago ya faɗa ma ya yi yawa.

Sati ya zo ya wuce. Kowace safiya, bayan addu'ar gida, Baba zai je ya danna babban yatsansa a kan gam, ya ɗaga, sai ga hoton yatsan zaune daram, gam kuma ya biyo shi da zare. Jirgin nan ya karɓi dangwalen Baba fiye da duk zaɓukan da aka yi tun da aka haife shi. Ya ce rana ce ba ta isa ba. Aka kawo karan dawa aka hura wuta nesa kaɗan don zafi ya riƙa bugun katakon, har Mama ta ce idan yana so ya taya ta ƙona shi ne ya faɗa, ba sai an wahalar da gatari ba. Aka ba ku faifai ɗaya ɗaya kuna fifita, ana biyan ku da ƙuli-ƙuli. Gam ya kalle mu duka, bai motsa ba. Wani maƙwabci ya ce jabu aka sayar mana. Wani ya ce a barbaɗa siminti. Wayar gidanmu kuwa irin mai tocila ce, ba ta san komai ba sai kira.

Ba za a iya ɗaga jirgin a kai shi wani wuri ya ƙarasa bushewa ba. Tunda ba ya bin ƙofa, sai dai a tsallakar da shi ta kan katanga, kuma Baba ya ce idan aka ɗaga shi gam yana ɗanye, katakon zai murɗe, duk haɗin ya buɗe, aikin ya tashi a banza. Ga shi babu sauran gam da za a sake.

A gaskiya ni a lokacin ba na baƙin ciki. Tubalina suna bushewa lafiya, in ka ƙwanƙwasa su har ƙara suke yi. Kwanon rufi yana jingine a bayan kicin. Na riga na zaɓi inda zan rataye madubi, na zaɓi launin labule, na shirya dokar da zan manna a ƙofa, wadda sakin layinta na farko ya shafi tagwaye. Da yamma gajimare ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Mama ta je ta yi magana da mai faskare.

Yanzu sai maganar silifas ɗina. Ranar da muka yi aikin, da na ga ɗan gam ya rage a bakin bindiga, sai na lakato na liƙe silifas ɗin wankana da ya tsinke, na jefa shi a bayan makewayi na manta. Wurin nan kun san shi, inda ruwan wanka yake bi, kullum a jiƙe, har gansakuka ta fito. Ana cikin makon Ista na je neman sabulun da ya zame mini, na ci karo da shi. Na ɗauka da yatsa biyu don kada ya manne mini. Bai manne ba. Na danna. Na ja. Na sa haƙori, Allah ya gafarta mini. Gam ya zama roba, mai tauri, mai lanƙwasa, kamar taya, daidai yadda mai shago ya faɗa. Gam ɗaya, rana ɗaya aka shafa. Na jirgi yana cikin rana da wuta da fifita yana nan kamar koko, nawa yana cikin ƙazamin ruwa ya kama.

Ban gaya wa kowa ba, domin ni kaina ban yarda ba. Na samo tsohon tsumma na jiƙa shi, na lallaɓa ta bayan jirgi, can ƙarƙashin gindinsa ta wajen katanga inda Baba ba ya leƙawa, na rataya shi dab da haɗin. Duk lokacin da na fito daga wanka sai in ƙara jiƙa shi. Da Baba ya kama ni da ruwa a wajen, da yau wani ne yake rubuta muku tarihina. Zuwa ranar Asabar na danna wurin, yatsana ya dawo da tsabta. Saman ya yi fata. Can ciki da saura, ana jin laushi, amma ya kama hanya. Ashe gam ɗin nan laima yake sha kafin ya yi ƙarfi. An yi shi ne don bakin teku inda iska kanta jiƙaƙƙiya ce, mu kuma muka kawo shi Zariya a tsakiyar bazara muka hana shi ko ɗigo.

Na tsaya a wurin na yi lissafin da ban taɓa yi a ajin lissafi ba. Jibi Malam Sule zai zo. Ko yau aka fara ba shi laima, tsagogin nan masu zurfi ba za su kama kafin jibi ba, sai an ƙara kwanaki masu yawa. Idan na yi shiru, babu wanda zai ce na yi laifi, gam ne ya ƙi, kowa ya gani. Idan na yi magana, jirgi zai zauna, Malam Sule zai tafi, ruwa zai sauka a kan tubalina. Na ce wa kaina ai Baba babba ne, zai haƙura. Na ce ai tsufa ya kama shi, shiga kogi ma haɗari ne, taimakonsa zan yi. Na kawo hujjoji masu kyau ƙwarai, har na fara jin kamar in ba kaina kyauta.

Ranar Lahadi muka dawo daga sujada, aka ci shinkafa da kaza. Ba baƙar ba, wata ce. Da la'asar gidan ya yi shiru, ku kun bi yaran layi, Mama tana kishingiɗe a tabarma. Sai na ji Baba yana kirana daga wajen jirgi. Na same shi da kayan cocinsa bai ko cire ba, yana riƙe da guduma.

“Rifkatu, zo ki riƙe mini nan.”

Allon zama yake son cirewa, wanda yake can baya inda mai tuƙi yake zama. Tsakiyarsa ya lotsa ya yi sumul saboda shekarun da Kaka ya yi a kai.

“Me za ka yi da shi, Baba?”

“Ajiyewa zan yi. Sauran mai faskare ya ɗauka.” Ya sa bakin guduma a ƙarƙashin ƙusa. “Ki yi haƙuri, na ɓata miki lokaci. Da tuni an fara ɗakinki.”

Da faɗa ya yi, ko ya yi ƙorafi, ina jin da na iya yin shiru. Amma haƙuri ya ba ni. Ƙusar farko ta fito da wata ƙara kamar kukan ɗan akuya, ni kuma sai na ji bakina ya buɗe ba da izinina ba.

“Baba, tsaya. Ruwa yake so.”

“Wa?”

“Gam ɗin. Ƙishirwa yake ji.”

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda zazzaɓi ya hau wa kai. Na ruga na ɗauko silifas na miƙa masa. Ya ja, ya murɗa. Na kama hannun rigarsa na kai shi bayan jirgi, na nuna masa tsummana. Ya buɗe baki zai yi faɗan tsumman, sai ya fasa, ya durƙusa da farin wandonsa a cikin ƙasa ya danna yatsa. Ya ɗaga ya duba yatsan. Ya sake dannawa a wani wurin.

“Amma mutumin ya ce kada ya taɓa ruwa.”

“Cewa ya yi kada jirgi ya shiga kogi. Bai ce a gasa shi ba.”

Mama ta riga ta taso, tana tsaye a bayanmu da ɗankwali a hannu. Ta karɓi silifas ɗin ta jujjuya. Mama ba ta da saurin magana idan abu ya yi nauyi.

“Kwana nawa zai ɗauka?”

“Ban sani ba,” in ji Baba. “Ba gobe ba dai.”

“To yarjejeniya ta ce gobe.” Ta juyo gare ni. “Ke, kin san abin da kika yi kuwa? Kin ga gabas? In Malam Sule ya juya gobe, ba za ki sake ganinsa ba sai an girbe dawa. Tubalin nan kuma ba za su jira shi ba.”

“Na sani, Mama.”

“Ni ba don kaina na nemi ɗakin nan ba. Naki ne. In kin ce gatari, gobe gatari. In kin ce a jira, kada in ji kuka daga baya, kada kuma in ji kin ce yaran nan sun dame ki.”

Baba bai ɗago ba. Yana durƙushe yana kallon katako, kamar ba a kansa ake magana ba. Na so a ce ya roƙe ni, don in samu wanda zan ɗora wa laifi. Bai roƙe ni ba.

“A jira,” na ce. “Amma maganar kuka ban yi alkawari ba.”

Kafin rana ta faɗi an mayar da rumfar zana. Mama da kanta ta fito da tsofaffin buhunan algarara, muka jiƙa su muka rataya a kewayen jirgi kamar labule, yadda ba za su taɓa gam ba. Baba ya huda murfin gora da ƙusa ya riƙa yayyafi sama-sama, a hankali, irin yadda ya yi shekaru yana yi wa irin fure a wurin aiki. Randa ta dawo mazauninta. Ku kuma aka sauya muku aiki daga fifita zuwa fesa ruwa da baki, aikin da kuka fi ƙwarewa a kai har yau. Da safe Malam Sule ya iso da igiyar awo da diga, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon Baba yana ban ruwa.

“Malam Yohanna, sannu da aiki. In ya tsiro ka ajiye mini iri, ni ma ina son jirgi a gonata.”

Ya sha kunu, ya yi dariya har da tari, ya ce mini, “'Yata, Allah ya kai mu rani,” ya saɓa digarsa ya tafi. Unguwa kuwa ta samu abin yi. Ɗaliban da suke haya a gidan kusa da mu suna leƙowa ta katanga suna ɗaukar hoto. Baba bai kula kowa ba. Asuba ta koma ba ta samunsa a kan gado. Ya fara cinye tuwonsa, har wata rana na ji ya ce wa Mama ko gishiri ya yi tsada ne a kasuwa, ta jefe shi da murfin kwano.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, da rana tsaka. Mun lulluɓe tubali da leda mun danne da duwatsu, amma ledar ta tashi ta tafi Palladan, ruwan layi kuma ya bi ta ƙarƙashi. Na tsaya a zaure ina kallon na ƙasa suna narkewa, na sama suna zamowa a kansu. Iskar ta yaye rufin kicin, washegari kwanon ɗakina ya hau can. Na yi kukan da ban yi alkawarin fasawa ba, a makewayi, har ina jin na ƙara wa gam laima. Tarin ƙasar da ya rage Mama ta baje shi ta shuka yakuwa. Tun daga lokacin, duk shekara ana cewa baɗi.

Gam kuwa ya kama. Wata safiya Baba ya danna, ya bi haɗin tun daga kai har gindi, ya ɗauko guduma ya buga, gudumar ta yi tsalle ta dawo. Katakon ma da ya sha laima ya kumbura ya matse. Ya ƙara masa kwanaki, don ya tabbata ya kama har ciki. Sannan ya mayar da ƙusar allon zama, ya je ya gayyato matasan coci. Ranar Asabar suka zo, rabi a cikin gida rabi a waje, aka shimfiɗa tsofaffin katifu a kan katanga, ana ihu ana ba juna umarni, kowa shugaba. Jirgi ya hau sama, ya tsaya yana lilo a kan katanga har Mama ta rufe ido, sannan ya sauka a layi. Aka ɗora shi a a-kori-kura, rabinsa a waje da jan ƙyalle a gindi, muka bi ta Kwangila mutane suna nuna mu.

Galma ta fara kawo ruwa, ja-ja, tana tafiya a hankali. Matasa suka tura jirgin ya shiga, ya ɗan yi rawa ya zauna. Baba ya naɗe wando ya hau ya zauna a allon Kaka. Ya dubi duk mazan da suke tsaye a gaɓa, sannan ya miƙo mini ƙwarya.

“Shigo. Ki zauna a tsakiya ki sa ido a kan haɗin. In kin ga ruwa, ki kwashe, kada ki yi ihu.”

“Maigida, yarinyar nan ba ta iya iyo ba!” in ji Mama.

“Ba iyo za mu yi ba.”

Na shiga da addu'a a bakina. Na zauna na ƙura wa fararen layukan nan ido, ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ƙwarya a hannu, a shirye nake in kwashe kogin gaba ɗaya. Gaɓa ta fara ja da baya. Na ga ɗigo a kan katako, na ɗaga ƙwarya, ashe daga filafilin da Baba yake tuƙi da shi ya ɗigo. Na shafa haɗin da tafin hannu. A bushe. Ta ƙarƙashin katakon ina jin sanyin ruwa yana wucewa, amma ko kaɗan bai shigo ba. A bayana Baba ya fara magana, ba da ni ba sosai: nan tarwaɗa take kwanciya, can akwai dutse a ƙasa, waccan gaɓar a da ba nan take ba. Maganar da ya yi a wannan tafiya ta fi wadda ya yi a shekarar gaba ɗaya.

Da muka kai tsakiya ya daina tuƙi. Ya miƙo hannu ya karɓe ƙwaryar ya kife ta a ƙasan jirgi, ya ɗora mini filafili a cinya.

“Baba, ban iya ba.”

“Sa shi a ruwa ki ja.”

Na sa na ja da dukan ƙarfin da na taka ƙasa da shi. Jirgi ya juya. Na sake ja, ya ƙara juyawa. Na ga Mama a gaɓa tana ɗaga hannu biyu, na ga itatuwa, na ga wancan hayin, na sake ganin Mama, yanzu ɗankwali a hannu, muryarta tana iso mu guntu-guntu. Matasan coci suna riƙe da ciki don dariya. Na ce Baba ya karɓa kafin mu yi amai a gaban jama'a. Shi kuwa ya jingina, ya saka hannu ɗaya a cikin ruwa, yana dariya har kafaɗunsa suna rawa.

“Bar shi ya juya,” ya ce. “Ina za mu da sauri?”